Taswirar da Ba Mu Zana Ba

A shekarun da aka dawo da shari'a, ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta ma'aikatan ruwa da hanyoyi a ƙasar Daura. Har yau in na tuna zaman da muka yi ta yi don tsara manufofin shekara biyar, raina ɓaci yake yi.

Ni buƙatata ɗaya ce tak. Bututun ruwan da ke binne a cikin gari, tun daga wajen Kusugu har bakin kasuwa, ba shi da taswira. Wadda aka taɓa zanawa gara ta cinye ta tun kafin a ɗauke ni aiki. Abin da ya rage yana cikin kan wani dattijo, lebura, da kowa ke ce wa Baba. Da hannunsa aka binne rabin bututun. In ruwa ya ɗauke a wata unguwa, zuwa zai yi ya dubi katanga, ya ƙirga taku, ya ce a haƙa nan, kuma ba a taɓa haƙa rami na biyu ba. Saura masa shekara guda ya ajiye aiki. Don haka na rubuta cikin abubuwan tattaunawa: a zana taswira tun Baba yana nan.

Zama na farko ya ƙare a kan gina masallaci a harabar ofis. Ba wanda ya ƙi, ni ma ban ƙi ba. Amma mu a wurinmu magana ba ta wucewa sai kowa ya miƙe bi da bi, daga babba zuwa ƙarami, ya yi sallama, ya yaba wa shugaba, ya sake faɗin abin da na gabansa ya faɗa. Kafin a gama goyon bayan abin da babu mai jayayya a kansa, an kira la'asar. Zama na biyu, inda mata biyun da muke da su za su riƙa zama. Na uku, kalar yadin da za mu ɗinka na ƙungiya. Wallahi a ranar sai da na ciji biro.

A zama na huɗu aka iso kan taswira, kowa ya ce madalla, aka kafa kwamiti. Injiniyoyi zalla. Baba yana can baya a kan tabarma, inda lebura ke zama, don kujera ta masu takardar shaida ce.

Na ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, ba a sa Baba ba."

Ya ce, "Malam magatakarda, kwamiti na ƙwararru ne. In lokaci ya yi za a aika masa."

Bayan kwana biyu na tarar da Baba cikin rami yana ɗaure bututu, na ce ya zo zaman kwamitin kawai, ba wanda zai kore shi. Ya share gumi ya ce, "Ɗana, ba a kira ni ba. Ina ni ina kutsa kai cikin manya? Ka kawo takarda, ko da tsakar rana ce zan zo."

Na rubuta takardar. Ta kwanta a teburin shugaba tana jiran sa hannu, shugaba ya tafi Umara, ya dawo, aka shiga zuwa yi masa barka, damina ta zo kowa ya koma gona. Gaskiya kuma, laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Da na ɗauki fensir wata Asabar na bi Baba lungu-lungu, da an gama. Ban yi ba, don kar a ce na yi wa kwamiti azarɓaɓi. Wannan ya fi komai cina.

Baba ya ajiye aiki, ya koma ƙauyensu wajen Sandamu. Shekara biyu bayan haka babban bututu ya fashe a tsohon gari. Muka yi mako muna farfasa titi, rami bayan rami, mutanen unguwa suna tsaye da jarkoki suna kallonmu. Sai a lokacin shugaba ya sa wa takardar nan hannu, ya ce in je in ɗauko Baba.

Na same shi a zaure, yanar ido ta rufe masa idanu biyun. Ya gane muryata. Na karanta masa takardar, ya karɓa ya shafa ta. Na gaya masa unguwar da bututun ya fashe.

Ya ce, "Daga gindin tsamiyar nan ta bakin lungu, taku goma sha biyu gabas."

Na ce, "Baba, an sare tsamiyar, an faɗaɗa titi."

Ya ce, "To, ban san garin ba ke nan. Ka san bara war haka ina gani sarai? Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar nan sai na sa hula na fito, na ce ko kai ne."