Ranar da Na Ce "Babu Komai" a Ofis

Akwai wata Talata da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Lokacin muna zaune a unguwar Stapleton, a nan ƙasar waje, 'yata ba ta cika shekara huɗu ba, maigidana kuma ciwon baya ya kwantar da shi, ya daina fita da teburinsa na agoguna. Da tallafin gwamnati muke ci.

Ni firamare kawai na yi a gida. Amma akwai wata ƙaramar kwaleji mai karɓar irinmu. A fara koya miki Turanci da lissafi, in kin ci jarrabawa ki shiga kwas ɗin nas, mai rabo ma ta wuce jami'a. Kullum a kujerar gaba nake zama don kada kalma ɗaya ta wuce ni. Saura wata biyu jarrabawa sai ga takarda: an canza doka, duk mai karɓar tallafi dole ya yi aiki, zaman aji kuma ba a ɗauke shi a matsayin aiki ba.

A ofishin tallafin wata mata mai tabarau ta turo min fom. Aikin shara ne a lambun shaƙatawa, daga safe zuwa azahar, daidai lokacin ajinmu. Ta ɗago ta tambaye ni ko da matsala. Bakina cike yake da magana. Sai dai ni an raine ni a kan ba a yi wa hukuma ƙorafi, balle mai ciyar da kai. Na ce babu komai, na gode. Na sa hannu, har da ɗan rusunawa. Wauta ke nan!

A bas na haɗu da 'yar ajinmu, wata 'yar zangon Kumasi.

"'Yar'uwa, me kika ce musu?"

"Na ce babu komai."

Ta dafe ƙirji. "Babu komai? Gidan surukanki kika je? Ni kuka na fasa musu, na ce sai an kira min babbansu. Aikin yamma suka ba ni!"

Washegari na koma, aka ce ai na riga na sa hannu. Malamarmu ta rubuta musu wasiƙa, shiru. Da fashina ya yi yawa aka cire sunana. Na ce to baɗi. Kafin baɗin an rufe ajin gaba ɗaya, wai yanzu gajerun kwas na neman aiki gwamnati ke so. Ƙawata ta zama nas. Ni har yau goge-goge nake yi.

Abin da na koya mai ɗaci ne. A ƙasar nan, in kika yi kawaici rubutawa ake yi kin yarda. Kuma waɗanda ke buɗe wa irinmu ƙofar karatu suna iya rufe ta ba su taɓa ganin fuskarmu ba. Sau ɗaya aka tambaye ni, ni kuwa na yi godiya.