Ranar Zuba Dal

A garinmu, can Nijar, lokacin ina yarinya, ɗaki ba ya kammala sai mata sun sa hannu. Maza su ɗora tubali su yi rufi, mu kuma mu yi daɓe, muna waƙa muna dukan ƙasa har ta yi santsi. Da fataucin atamfa ya kai ni Kumasi, na ga mata suna hawa tsani da kwanon kankare a ka. A Jidda ban ga ko ɗaya ba. Nan Abijan kuwa, macen da ka gani a wurin gini, in ba mai sayar da abinci ba ce, to ruwa ta kawo.

Babbar 'yata zanen gine-gine ta karanta. Ta daɗe tana aiki a ofishin wani, ita ke zane, sunansa ke fita. Duk wanda ta nemi aiki a wurinsa sai ya ce, "Nuna mini ginin da kika tsayar." Ba ta da shi.

Ana haka tsohon gidan mahaifinmu na Treichville ya fara zuba, dangi suka yarda a rushe a yi bene. Ƙanena, wanda ke riƙe da al'amuran gida, ya tako har ɗakina a Adjamé Liberté.

"Yaya, muna da arshitek, mai zanen gini, a gida, mu je neman bare? Ginin ɗiyata ne, daga tushe har rufi. Sunanta za a kira."

Ta karɓa hannu bibbiyu. Kullum da safe sai ta tsallaka gada zuwa Treichville da takalmin roba a jaka. Ƙasar wurin ruwa ne a ƙarƙashinta, tushen ya ba ta wuya. Magina suka fara da tsokana, "Madam, kar siminti ya ɓata miki lalle!" Ta mayar musu da Julanci, yarensu, suka yi dariya, daga baya ba sa ɗaure ƙarfe sai ta duba.

Ranar zuba dal, wato kankaren rufin hawan farko, babbar rana ce a wurinmu. Ana yanka rago, a dafa shinkafa, liman ya yi addu'a, manyan 'yan kasuwa su zo su gani. Ina zaune cikin mata wajen tukwane sai ga ƙanena riƙe da hannun wani saurayi, ɗan abokinsa, da farar hular kwano da takalmi mai ƙyalli. Ban taɓa ganinsa a wurin ba. Ƙanena ya kai shi gaban liman, ya ɗaga murya.

"Malam, ga injiniyanmu. Shi ya tsayar mana da gidan nan. A sa masa albarka."

Aka shafa. 'Yata tana sama a kan katako, tana jin komai.

Na ja ƙanena gefe. "Me na ji yanzu?"

"Yaya, ki fahimta. Mutanen nan su za su kama shagunan ƙasa. In suka ji mace ce ta yi lissafin ƙarfe, wa zai yarda ya zauna ƙarƙashinsa?"

"Da kake alkawari a ɗakina, ba ka san mace ce ba?"

"Haba Yaya, suna ne kawai. Ai duk gida ne."

Wata 'yar'uwarmu ma ta ɗaga kai ta ƙwala wa 'yata kira, "Ke, sauko ki taya mu rabon abinci, kin tsaya cikin maza!"

Ba ta sauko ba. Kankare in an fara zuba shi ba a tsayawa. Ta tsaya cikin rana har aka shafe kusurwar ƙarshe, sannan ta sauko, ta wanke ƙafa, ta durƙusa ta gaishe da kawunta kamar yadda aka koya mata. Ko loma ba ta ci ba.

A wurin nan saurayin ya samu alkawarin gini daga wasu alhazai. Ita ta koma ofishin da ta baro.

Benen yana nan, ko tsagewa bai yi ba. 'Yata ba ta sake yi wa dangi zane ba, ko na bayan gida. Ƙanena kuma, tun ranar ta daina ce masa Kawu. Alhaji take ce masa, kamar kowa.