Kaskon Mama Kaneng

Har na bar aikin asibiti akwai ranar da ba ta fita a raina ba, ranar da wata ƙaramar nas ta yi magana a gaban likita ba tare da an tambaye ta ba.

Ku yaran yanzu ba za ku ga abin mamaki a nan ba. Mu kuwa da aka horar da mu, jinya ita ce bin umarnin likita. Ki gyara gado, ki ba da magani a kan lokaci, ki wanke ciwo, ki rubuta. Idan likita ya shigo zagayen safe, wato duba majinyata gado-gado, sai ki miƙe ki riƙe fayil ki ja bakinki. Ni kuma na ƙware a jan bakin nan har na zama babbar nas ta ɗakin mata.

A lokacin aka kwantar mana da Mama Kaneng, wata dattijuwa mai sayar da dankali a Gada Biyu, nan cikin Jos. Tana da ciwon suga, ga gyambo a tafin ƙafa. Zuwanta na uku ke nan. Mu wanke, ya kama warkewa, ta koma gida, ta dawo da shi ɗanye. Likita ya ce idan bai ga sauyi ba a wannan karon, yanke ƙafar za a yi.

Cikin waɗanda ke ƙarƙashina akwai Chinyere, haihuwar Tudun Wada, sabuwar fitowa daga jami'a. Halinta ɗaya ke ba ni haushi: jan kujera ta zauna hira da majinyata. Na sha ce mata, “Nan ba gidan suna ba ne.”

Da safen nan muna gaban gadon Mama Kaneng, likita na duba ƙafar yana girgiza kai, sai na ji muryar Chinyere.

“Oga, a yi haƙuri. Wannan ba sugan kaɗai ba ne. Ƙuna ce.”

Na harare ta, na taka mata yatsa. Ko gezau.

Ta juya ga tsohuwar. “Mama, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini jiya.”

“Ƙafa na yana jin sanyi kullum,” in ji Mama Kaneng. “In na zauna wajen dankali, ina sa shi kusa da kasko. Ba na jin zafi, ɗan ɗumi ma da ƙyar.”

Kun san sanyin Jos, wa zai ga laifin mai jin ɗumin gawayi? Amma suga ya kashe mata jijiyoyin ƙafa, wuta na cin ta ba ta sani ba. Mu warkar, kasko ya mayar.

Na jira likita ya yi faɗa. Sai ya ce, “Sista, a ɗage maganar tiyata.” Ya karɓi fayil a hannuna ya miƙa wa Chinyere, ya ce ta rubuta tsarin da za a bi a gida. Kunya ta kama ni, ba zan ɓoye muku ba.

Chinyere ta zaunar da tsohuwar da ’yarta, ta koya musu duba tafin ƙafa da madubi kowace safiya, da sa safa mai kauri, da nisantar wuta. Bayan ’yan makonni Mama Kaneng ta fita da ƙafafunta biyu, tana tsokanata wai ’yata Chinyere ta fi ni wayo.

Yanzu ana koya muku cewa nas mai lura ce, mai koyarwa, mai magana a madadin majinyaci, kuma ina murna da na ga wannan zamani da idona. Ku riƙe shi da kyau. Sau uku na wanke ƙafar nan da hannuna, tsaf yadda aka koya mini, amma ban taɓa tambayar mai ita inda take ajiye ta ba.