Ranar da Inna ta ƙwace lasifika

Shekarar da aka buɗe jam'iyyu ina koyar da ilimin halittu a kwalejin Agiye, ina kuma da ciki wata bakwai. Cikina na farko a daidai wannan watan ya lalace, shi ya sa kullum a tsorace nake.

Abin haushi, na san zuciya fiye da kima. A jami'a an koya mana cewa ƙwayoyin naman zuciyar ɗan tayi suna fara harbawa tun ba ta gama zama zuciya ba. Kowace ƙwaya tana da umarnin da ta gada daga uwa da uba. In lokaci ya yi sai ta buɗe wani sashe nasa, ta ƙera wani sinadari da ba ya tashi aiki sai kalsiyam ya taɓa shi. Na san jiki ne ke daidaita abinsa, amma ina! Na duƙufa shan nono, wai kada kalsiyam ya ƙare wa ɗana. Har Bafulatanar da ke kawo mana ta fara gaishe ni da "ina kwana, maraƙina?"

Inna, uwar mijina, tana ganin wannan hauka ba ta cewa uffan. Tsakanina da ita akwai kunya, ba a taɓa ambaton cikin ba. Iyakarta ta ce, "'Yar nan, yaya jikin?"

Wata ranar kasuwa na wayi gari ban ji motsi ba, jiya ma haka. Na ce, "Inna, zan leƙa asibiti." Ta dube ni, ta ɗauki mayafinta, ta shige gaba.

Ungozomar asibitin tana da wani ƙaho na katako da take kifawa a ciki ta kara kunne. Ta kifa nan, ta kifa can, ta yi tsaki.

"Madan, ni fa ba na jin komi sai kalangu."

Gaskiyarta. A filin da ke bayan taga wata jam'iyya ke taro, ga makaɗa, ga guɗa, ga lasifika bisa mota. Kuma wa ke riƙe da ita? Mijina! Mutumin da a gida ko "a ƙara gishiri" ba ya iya cewa, yau shi ke alkawarin kwalta har Gidan Sori. Tun da sassafe ya fita, bai san halin da nake ciki ba. Wallahi da na iya tashi da na shaƙe shi.

Na fara kuka. Ban ankara ba Inna ta fice.

Can sai na ji muryar mijina ta yanke a tsakiyar zancen kwalta, lasifikar ta yi ƙara, sannan muryar tsohuwa ta cika garin.

"Kai, ba ni nan! Jama'a, ku yi mana shiru don Allah. Ana sauraren jikana!"

Innar da ba ta taɓa cewa "ciki" a gabana ba, ga shi ta shelanta wa 'yan kasuwa da jandarma da mutanen ƙauye. Kunya ta kama ni, na rufe fuska da zane. Kalangai suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Wani jaki ya ɗan yi gardama, shi ma ya haƙura.

Ungozoma ta sake kifa ƙahon, ta rufe ido. Ta daɗe. Duk karatuna ya gudu, ba abin da ya rage a bakina sai "ya Allah, ya Allah". Sai na ji ta kamo hannuna, ta fara buga mini da yatsa a tafi, da sauri da sauri, yadda take ji a kunnenta.

"Ga shi nan," in ji ta. "Lafiyarsa lau, barci ne yake."

Na riƙe yatsan nata na ƙi saki, ina dariya ina hawaye. Inna ta leƙo ta taga, ta ga fuskata, ta sunkuyar da kai.

"'Yar nan," ta ce, "yaya jikin?"