Tutocin Ƙofar Inna a Yambu

Madina, ashirin da tara ga Ramadan

Mun yi sahur, mun yi sallar asuba, ƙarfe biyar da minti goma muka fito daga gidanmu na unguwar Ƙiblatain, ni da Gwaggo Rabi. Gwaggo yayar Babana ce. Ita ta ɗauke ni ina da shekara biyar, don ni 'yar fari ce, ita kuma mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba. Shekarata bakwai ke nan a ɗakinta. Baba da Inna suna Yambu, can bakin teku, inda Baba yake aikin wutar lantarki a baladiyya, wato hukumar gari. Sukan zo Madina ziyara sau ɗaya a shekara, amma tun da Gwaggo ta ɗauke ni ban taɓa yin Sallah a wurinsu ba, saboda Gwaggo ba ta yarda ta rasa idin Masallacin Annabi.

Bana wasiƙar Baba ce ta tashe mu, kuma ni na karanta wa Gwaggo. Ya ce tunda ni Maryam na gama ibtida'i, wato firamare, mu zo a yi Sallah tare, a kuma yi shawarar inda zan shiga aji na gaba, Yambu ko Madina. Gwaggo ta ninke wasiƙar ta ajiye. Da za mu tafi dai na ga kayana kakaf ta zuba a akwati, har da rigar sanyi, alhali ana tsakiyar zafi.

Ni kuwa na riga na yanke a raina, ban gaya wa kowa ba: in Inna ta ce in zauna, zan zauna. Kalma ɗaya nake so daga bakinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunana ba. Kun san kunyar ɗan fari. In ta zo Madina, "waccan" take ce mini, idonta na kan bango.

Fijo muka shiga, ta Abakar, wani mutumin Chadi da ke unguwarmu. Ya ɗaure akwatin a saman mota yana nishi.

"Hajiya, wannan kayan kwana uku ne ko aure za ki kai?"

"Ja motarka, Abakar. Azumi bai hana ka surutu ba?"

Hanya

Ƙarfe shida saura kwata muka wuce Abyar Ali, gari ya fara haske. Gaba kaɗan akwai shingen bincike. Wani askari ya leƙo ta taga, ya karɓi iƙamar Gwaggo, wato takardarta ta izinin zama, ya nuna ni da haɓa, ya tambaya da Larabci ko 'yarta ce. Gwaggo ta ce, "Aiwa, binti," wato e, 'yarta ce. Ta faɗa da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Bayan mun wuce ma ba ta saki hannuna ba sai da tafinmu ya jiƙe da gumi.

Daga nan sai duwatsu, baƙaƙe da jajaye, hanya tana ta lanƙwasa a tsakaninsu. Na ƙirga raƙuma goma sha ɗaya kafin Musaijid. A wani kwari na ga dabino tsaye a jere, wasu sun bushe ba kai, kamar turakan rumfar da aka kwashe.

Ƙarfe takwas da ashirin muka isa Badar, wajen kilomita ɗari da hamsin daga Madina. Gidajen shayi duk a rufe, an kife kujerun igiya a kan juna. Abakar ya buɗe gaban mota ya ƙara mata ruwa, ya ce ita dai matafiyiya ce, an yi mata rangwame. Ya ce mu ma muna iya sha. Gwaggo ta harare shi, ta ce saura kwana ɗaya za ta zubar da azumi don tafiyar awa huɗu? Ta ɗaga hannu ta yi wa shahidan Badar addu'a, muka shafa.

Bayan Badar duwatsun suka ja baya, ƙasa ta baje. Iska ta sauya. Ta Madina busasshiya ce, wannan kuwa tana manne wa mutum a wuya, in na lashi leɓena sai in ji gishiri. Muka wuce wurin da ake gina sabon gari na masana'antu, manyan bututu a kwance, ma'aikata 'yan ƙasashen gabas da hulunan kwano masu ruwan ɗorawa. Can hagu na hango wani shuɗin zare a ƙarshen ƙasa. Abakar ya ce, "Ga bahar ɗin nan, 'yar Hajiya. Gaishe shi." A zuci na gaishe shi.

Yambu, jajiberi

Ƙarfe goma saura minti biyar muka shiga gari. A bakin babban titi an kafa wata ƙofa ta katako, an naɗe ta da koren yadi da ganyen dabino, an jera mata ƙwayayen fitila ja da kore da fari. Wani mutum yana kan tsani a can sama, da ƙwan fitila ɗaya a baki, biyu a aljihu. Ƙafarsa na fara ganewa, don Baba ne kaɗai na sani da yake take bayan takalminsa haka. Ya sauko yana dariya, ya gaida Gwaggo har ƙasa, ya dafa kaina.

"Maryam, kin ga aikin ubanki? Bari magariba ta yi, ki ga yadda zan kunna miki gari."

Gidansu yana wani lungu a bayan kasuwar kifi, cikin tsofaffin gidaje masu tagogin katako da aka sassaƙa. An ja igiyoyi daga bango zuwa bango, an rataye ƙananan tutoci masu kusurwa uku na ƙyallaye. Ban tsaya kallonsu ba. Inna nake nema da ido.

Safiya ƙanwata ce ta fito da gudu. A Yambu aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Ta rungume ni tana ihu. Inna ta fito daga madafa tana goge hannu da gefen zane, ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta tambayi hanya, ta tambayi ƙafar Gwaggo, ta tambayi mutanen Ƙiblatain gida gida. Na ce, "Ina kwana, Inna." Ta ce wa tukunya, "Lafiya." Sai ta ce da Safiya, "Kai wa baƙuwar Madina ruwan wanka."

Da kifi muka sha ruwa, da shinkafar da ake dafawa da romonsa, ga kunun gyaɗa. Na lura tsokar da ba ta da ƙaya ce ta zo gefena na faranti, ban ga wanda ya turo ta ba. Muna cikin ci aka buga igwa daga wajen tashar jiragen ruwa, sau da yawa a jere. An ga wata. Yara suka cika lungu da ihu, Baba ya ce mu fito. Babban titi ya kama gaba ɗaya, igiyoyin fitilu daga wannan sanda zuwa waccan har bakin ruwa. Masunta ma sun rataye fitilun ƙwai a jikin jiragensu, hasken yana karyewa cikin ruwa yana sake haɗuwa. Safiya ta hau kafaɗar Baba. Inna tana bayanmu da taku uku. Duk lokacin da na waiwaya, fitilu take kallo.

Ranar Sallah

An yi idi a fili bayan fitowar rana. Na sa sabuwar rigata da ɗankwali mai ruwan hoda da Gwaggo ta saya mini. Da muka dawo, maƙwabta suka yi ta aiko da dibyaza, wani zaƙin Sallah da mutanen nan suke dafawa da busassun 'ya'yan itace, Inna kuma tana mayar musu da tuwon shinkafa da miyar taushe. A filin unguwa an kafa lilo na katako, yara suna ta layi.

Bayan azahar Baba ya tara mu. Ya ce, "Yaya, ga maganar nan. Akwai makarantar 'yan mata a nan, akwai a can." Gwaggo ta ce, "'Yarku ce. Na kawo kayanta duka." Carbinta ya tsaya a hannunta. Baba ya juya wajen Inna, ya ce, "Ke fa, me kika ce?"

Inna tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ina ruwana da 'yar mutane? Ga uwarta nan zaune, ku tambaye ta."

Baba ya yi dariya, ya ce to a kwana a kai. Ni na tashi a hankali na fita, na zauna a dakalin ƙofar gida. Ban so in yi kuka a kan sabuwar riga ba, sai na ɗaga kaina sama don hawayen su koma.

A nan na ga tutocin. Na sauran gidaje sababbi ne, masu ƙyalli, yankakken yadi guda. Igiyar ƙofarmu kuwa guda bakwai ne kawai a kanta, kowace da irinta, sun koɗe. Ta ƙarshe shuɗiya ce mai kauri, da tabon tawada a gefe. Na san tabon nan. Rigar makarantata ce ta aji biyar. Ta kusa da ita, koriya mai ganye, da ita na yi saukar izu goma. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina komawa baya, har na kai ta farko, mai ruwan ƙwai da ɗigon shuɗi, da 'yar hudar da garwashi ya yi mata ranar da na matsa kusa da murhu. Kowace shekara Gwaggo tana aiko da kayan da suka yi mini kaɗan don Safiya ta sa.

"Kin gane su, ko?"

Hajja Zainaba ce, maƙwabciyarsu, tsohuwa Bahaushiyar Sudan, tana zaune a ƙofarta tana shan kofi.

"Mu namu, bayan Sallah goge-goge muke yi da su. Uwarki kuwa sai ta sauke nata, ta wanke, ta goge, ta sa a ƙasan akwati. Duk ƙaramar Sallah ta ƙara ɗaya. Na ce mata, ke Hauwa, wannan tsummokaran fa suna ɓata mana layi. Wallahi kwana uku ba ta gaishe ni ba!"

Ta kurɓi kofi, ta dube ni ta gefen ido.

"Da an ce mota ta zo daga Madina, ita ce farko a bakin titi. Wai albasa ta fito saye."

Iskar teku ta taso, tutocin suka ɗaga gaba ɗaya suka sauka. Na daɗe a wurin har aka kira la'asar.

Kashegarin Sallah

Da safe ina shara a tsakar gida, Inna tana kan keken ɗinki, Safiya tana gefenta. Gwaggo ta tafi gaida Hajja Zainaba. Sai Inna ta ce, ba tare da ta daina taka keken ba, "Safiya, gaya wa waccan, wadda ta goya mutum shekara bakwai ba a barinta da ɗaki wayam. Ta koma ta yi karatunta."

Safiya ta juyo za ta maimaita mini da Larabci. Na ce, "Na ji." Sai na ce, "Safiya, gaya wa Inna na ga tutoci."

Keken ya tsaya. Na ji ƙarar jirgin ruwa daga nesa, na ji kazar maƙwabta. Inna ta sunkuya tana neman zare a allurar da zarenta bai fita ba. Ta daɗe tana nema. Daga baya ta ce, "Ki gaya mata ta rage sa tawada a riga. Ba ta fita."

Da rana na gaya wa Baba zan koma Madina. Ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin Inna, ya ce Allah Ya yi albarka. Kafin magariba, da na ga ba kowa a tsakar gida, na ɗauki almakashin Inna na yi abin da zan yi, na sa a aljihun keken, ƙarƙashin kwalbar mai.

Komawa

Rana ta uku, ƙarfe shida na safe, Abakar ya zo. Ya sake ɗora akwatin yana cewa, "Ashe an fasa auren." Baba da Safiya suka raka mu bakin titi. Inna ta tsaya a ƙofa, ƙarƙashin igiyarta, ta yi wa Gwaggo sallama mai tsawo, ta ba ta ƙullin lalle da busasshen kifi. Ta miƙo wani ƙulli dabam ta gefe, ba ta faɗi na wane ne ba. Na karɓa. Yatsunta sun taɓa nawa, suna da sanyi.

Fitilun Baba suna nan a kashe, ƙwayayen sun yi raɓa. Na juya ina kallon teku ta gilashin baya har ya koma zare, har ya ɓace. A Badar wannan karon gidajen shayi a buɗe suke, muka sha shayi da na'ana'a, muka ci gurasa. Na kwance ƙullina: soyayyen kifi ne, an zare masa ƙaya tas.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata muka hango koren ƙubba, Gwaggo ta yi salati. Sha ɗaya da kwata muna gida. Tana mayar da kayana cikin kabad tana 'yar waƙa a hanci, sai ta ɗago ɗankwalina mai ruwan hoda, ta ware shi. Kusurwa guda babu.

"Wa ya yanke miki sabon ɗankwali?"

"Ni ce, Gwaggo."

Na jira faɗa. Ta shafa wurin yankan da babban yatsa, ta ninke ɗankwalin a hankali.

"Ta takwas ke nan," in ji ta. "Kin hutar da ni. Da ma nakan zaɓa mata wadda ba ta koɗewa da wuri."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Abakar da bai gudu da mu ba, da Hajja Zainaba da bakinta bai iya ajiya ba. Allah Ya saka wa Gwaggo, Ya saka wa Inna. An ce mini a Yambu sai bayan kwana bakwai ake sauke tutoci. Yau ne na bakwai.