Almu Mai Tanar Roba

Almu taubashina ne. Uwata ƙanwar ubansa ce, don haka duk abin da na faɗa a kansa a nan al'ada ce ta ba ni baki, kuma ba zan rage masa komai ba.

A Yankara aka haife shi, bayan kasuwa. Ubansa manomi ne da damina, da rani kuma ya ɗauki fatsa ya nufi gulbi, ba ya dawowa sai da tarwaɗa a rataye. Almu ya gaji son ruwan kaf, sa'ar ce dai aka binne ta tare da tsohon. Sana'arsa faci, a bakin tasha, kuma tsakani da Allah ya iya. Tayar da Almu ya liƙe sai dai ta fashe ta wani wurin. Da ya tsaya a nan da yanzu labarin mutumin kirki nake ba ku. Yana da matarsa Baraka, 'yar Mabai, mace mai haƙurin da har haushi yake ba ni, da 'ya'yansu, da rumfarsa mai inuwa. Amma ina.

Abin ya samo asali ne daga tana. Mai fatsa ba ya rabuwa da tana, ita ake soka wa ƙugiya kifi ya zo ya haɗiye. A fadama ake tono ta, fadamar kuwa tun da mutanen daji masu bindiga suka mai da ita hanyarsu, ko mai neman ciyawar akuya ya daina leƙa ta. Sauran masu fatsa suka koma hanjin kaza da gara, wasu suka rataye sandar gaba ɗaya. Almu yana cikin wannan ƙunci sai Gide direba ya tsaya yin faci, ya miƙa masa waya don ya rage zaman jira. A wayar ga wani Bature mai jan wuya yana narka roba, yana zubawa a wani abu, yana zaro tana sak, mai laushi, tana rawa. Ya shafe ta da wani mai daga 'yar kwalba, ya jefa a ruwa, ya jawo kifi kamar jariri. Gide ya ce ranar sai da ya ƙwace wayarsa da ƙarfi.

Washegari Almu ya fara. Ya bi bola yana tsintar takalman roba na yara, irin masu laushin nan da ake ganin ƙafa ta cikinsu. Ya yayyanka, ya narka a gwangwanin tumatir kan gawayi, ya zuba a zanen da ya tsaga jikin yumɓu da tsinken tsintsiya. Hayaƙin ya kori kajin unguwa. Tanar kuwa ta fito, fara-fara, siririya, har da ɗan lanƙwasa. Sai dai in ta kwana sai ta manne wa 'yar'uwarta ta zama dunƙule, in ta sha iska kuma ta bushe ta tsage. Nan ya gane sirrin yana cikin 'yar kwalbar Baturen. Ya tambaya a Ƙanƙara, ya aika Funtuwa, duk mai shagon da aka ce wa ana neman man shafa wa tanar roba sai ya dubi ɗan aiken ya yi masa addu'ar samun lafiya.

"In babu nasu, akwai namu," in ji Almu. "Mai dai mai ne."

Ya fara da abin da ke kusa da hannunsa, baƙin mai na inji. Tanar ta kumbura ta yi laɓo-laɓo, da ya jefa ta a tafkin bayan gari sai wani bakan gizo ya bazu a kan ruwan, masu wanki suka bi shi da zagi. Ya koma manja. Tana ta yi ja gwanin sha'awa, aljihun rigarsa ma ya yi, kiyashi kuma suka yi masa rakiya har masallaci. Ya gwada basilin, ta riƙa suɓucewa daga yatsunsa kafin ta kai ga ƙugiya, ga ƙamshi kamar ɗakin amarya. Man kaɗe ya daskare mata da sanyin safe ta miƙe kamar ƙusa. Man darbejiya ya yi ɗacin da shi kansa da ya lasa sai da ya kwana yana tofar da yawu. Eh, lasa yake yi. Ya ce ba zai ba kifi abin da bai ɗanɗana ba, adalcin da bai taɓa yi wa iyalinsa a kan cefane ba.

A duk shekarun nan abin da tanar Almu ta kama bai wuce kwaɗo ɗaya da wani tsohon buhu ba. Na gaya masa gaskiya a majalisa: kifin Bature a ƙoshe yake, shi ya sa yake wasa da roba. Namu yunwa ta koya masa karatu, yana shinshinawa ya san ƙarya ce. Ya ce ni jahili ne, matsalar mai ce kawai.

Baraka ta jure hayaƙi, ta jure ɓacewar man kitsonta, ta jure ranar da ya tsiyaye man gwangwanin kifi kuliyoyin gari suka tare a tsakar gidanta. Abin da ba ta jure ba shi ne man shanu. Uwarta ce ta aiko mata da shi daga Mabai cikin 'yar kwalba, na saniya guda da ta rage musu bayan an kore sauran garken. Baraka ko a miya ba ta sa shi sai da ƙarshen cokali, buɗewa take ta shaƙa ta rufe. Ta dawo daga barka ta iske kwalbar a wanke, tanar roba kuma na iyo cikin man a kwano. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta goya ƙaramin ɗanta, ta riƙe hannun babban, ta hau mashin sai Mabai. Saƙon da ubanta Malam Uwais ya aiko gajere ne: 'yarsa ba za ta dawo ba sai Almu ya zo da ƙafarsa ya ce ya bar roba har abada.

Ku a tunaninku ya bari? Gida ya zama nasa shi kaɗai, langunan jeren Baraka masu fure suka zama ma'ajiyar tana, don murfinsu yana hana kiyashi. A wannan zaman gwaurancin ne ma ya haɗa abin da ya kira ƙarshen bincike: man gyaɗa soyayye da albasa da ɗan daddawa. Amma kuma ya rame. Na same shi wata rana da hantsi zaune kan turmi yana kallon igiyar shanya babu zane ko ɗaya, ya ce mini, "Kamilu, gidan ga ya yi mani girma." Tausayinsa ya kama ni, ban kuma ji daɗin kamun ba.

Aka sa ranar biko, ni ne ɗan rakiya. Uwata, wadda shi yake kira Goggo, ta ce ba a zuwa gidan surukai da goro kaɗai. Malam Uwais haƙoransa sun ƙare, abin da yake so a duniya taliyar murji da mai da yaji. Ta murza, ta dafa, ta kawo gidan Almu, ta juye a ɗaya daga langunan Baraka ta ajiye kusa da 'yan'uwanta, ta tafi alwala. Idon Goggo ya yi yana. Da ta dawo ta buɗe langa, ta ga abu fari siriri yana ƙyallin mai, ga albasa, ga ƙamshi, sai ta ce af, ashe ba ta sa yaji ba. Ta barbaɗa, ta rufe, ta ƙulle da ɗankwali, na ɗaure a bayan mashin.

Mun iske Malam Uwais a zaure kan buzu. Almu ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa, kai a ƙasa, murya kamar ta marar lafiya. Tsohon ya bar shi ya gama gaisuwa sannan ya ce, "To, mi ka zo da shi?"

"Baba, na tuba. Na bar roba. Ko takalminta ban ƙara sawa."

"Har ga Allah?"

"Har ga Allah, Baba."

Tsohon ya yi murmushi, ya jawo langa ya kwance ɗankwalin. Ƙamshin daddawa ya cika zauren. Na ga wuyan Almu ya sandare. Bai ɗago ba, hancinsa ne ya gaya masa, ya san wannan man kamar yadda ya san sunansa. To amma ya zai yi? Suruki ba ya buɗe baki ya ce wa uban matarsa kar ka ci abincin da na kawo. In kuma ya faɗi dalili, rantsuwar da ko bushewa ba ta yi ba ta tashi, Baraka kuma ta zauna Mabai. Gumi ya riƙa ɗiga daga haɓarsa.

"Shi dai na san ba ya ci gabana," in ji Malam Uwais. "Kai ɗan rakiya, matso. Bisimilla."

Na wanke hannu na matsa da murnata, don na san taliyar uwata. Loma ɗaya na gane. Na tauna ta dawo, na sake taunawa ta sake dawowa. Na dubi Almu, ya ɗan ɗago ido ya yi mini wani kallo irin na ragon da aka kayar. In na tofar, na kashe aure. Jama'a, na haɗiye. Ni Kamilu, da gemuna da 'ya'yana, na haɗiye takalmin yaran Yankara da yaji.

Malam Uwais kuwa ya kai tasa lomar yana ta mamula da dasashi. Ya juya ta dama, ya juya ta hagu, idonsa ya kawo ruwa. Shi ma kunyar ta ɗaure shi, dattijo ba ya tofar da abincin gidan suruki a gaban suruki. Da ƙyar ya tura ta da ruwan buta, ya yi ajiyar zuciya, ya daɗe yana duban Almu.

"Wa ya dafa wanga abu?"

"Ni ne, Baba." Ita ce gaskiya ta farko da ya faɗa ranar.

"Tun da ta taho, irin shi kake ci?"

Almu ya ƙara sunkuyar da kai.

"Innalillahi. Baraka! Ke Baraka! Taho ki ga abin da mijinki ke ci. In kin ƙara kwana garin ga, gawa za ki iske."

Baraka ta fito da mayafi, ta durƙusa gefen ubanta, ta leƙa langar. Langarta ce, kuma ta share shekaru tana tsintar abin nan a ƙarƙashin gado, ba ta buƙatar a gaya mata. Ta dubi man da ke gemun ubanta, ta dube ni ina shafa maƙogwaro, sannan ta dubi mijinta, yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni dai na sallama, na fara laluben takalmina da ido. Kalma ɗaya za ta faɗa a gama.

Ta mai da murfin ta rufe.

"Ba ta nuna ba ne, Baba," ta ce. "Bari in ɗauko yara."

A hanyar komawa ni ke tuƙi, yara a kan tanki, Almu a bayana, Baraka a can ƙarshe da langa a cinya. Cikina yana ta wani motsi da ban san shi da shi ba, ina lissafin ko zan kai Yankara. Mun wuce gonakin Mabai ke nan sai na ji bakinsa a kunnena, yana raɗa don kar ta ji.

"Kamilu, tsakaninka da Allah, bar batun robar. Shi man fa, ya ka ji shi?"

Kafin in sami inda zan taka birki, Baraka ta ba shi amsa da murfin langa a ƙeya.