Kan Injin da Ya Fi Nauyi

Yayana mahauci ne kamar mahaifinmu, amma tun da ya ga jirgin saman masu aikin dam ɗin Bakolori ya sauka a Talata Mafara, wuƙa ta fita ransa. Ya rantse sai ya ƙera nasa. Mutumin da ko sarkar keke bai iya mayarwa ba!

Ya samo injin wata tsohuwar mota mai kama da kunkuru, irin wanda iska ke sanyaya shi, ya sa kafinta ya sassaƙa masa farfela. Injin bai da kai mai kyau, wato murfin da ke rufe silinda, inda bawul ke buɗewa da rufewa.

Ni kuwa a lokacin dam ya tare ambaliyar da ke jiƙa fadamarmu ta Bakura. Albasata ba ta da rai sai da famfon ban ruwa, kuma irin wannan injin ne ke jansa.

Yayana ya zo gona da wani makanike, muka gama doguwar gaisuwa, sai ya sa shi ya kwance kan injina. Yayan nawa ya ɗauke shi a hannun dama, wani kan injin da ya tsinto a bola a hagu, yana jinjina su yadda yake jinjina cinyar saniya a kasuwar Damri.

"Wanga ya hi nama," in ji shi, yana ɗaga nawa.

Bawul kuma ya ɓare su yana leƙe kamar haƙoran tunkiya, ya zaɓi masu faɗi. Makanike ya ce jirgi abu marar nauyi yake so. Yayana ya dube shi sama da ƙasa.

"Yaushe ramamme yat taɓa hin mai ƙiba?"

A gidanmu ƙane ba ya ce wa wansa a'a. Ya tafi da kan injina a kan zai dawo da shi bayan Juma'a.

Juma'a ta wuce, wata ta bi ta. Ganyen albasa ya fara kwanciya. Na ɗebi ruwa da tulu har kafaɗata ta saluɓe, ko kwatar gonar ban kai ba.

Ranar gwaji ban je ba, labari aka kawo mini. Abin ya yi gurnani, ya kori awakin mutane, ya yi hayaƙi, ya mutu inda yake. Busasshiyar laka ce ta toshe tsagin da iska ke bi, kan injin ya yi zafi ya tsage.

Yayana ya kawo mini shi naɗe a takardar tsire. Lakar ta zube a hanya. Ya jinjina shi a gaban busasshiyar gonata, har da ɓata rai.

"Ƙanena, abin naka ya rame," ya ce. "Ashe ba shi da nama."

Nauyin da ya yaba ƙasar gonata ce. Shi albasa bai ko tambaye ta ba.